Biyar Safe da Yamma

Litinin, 3 ga Maris

Ta dawo min da takardata. Shekara goma sha huɗu ina horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan adana allurar rigakafi, ba wanda ya taɓa tuhumar aikina, sai yanzu da aka kawo mana sabuwar shugabar sashen horaswa. Yarinyar da na tabbata ranar da na fara sa farin kaya ko rarrafe ba ta fara ba. 'Yan ofis sun laƙa mata Jan Biro, kuma sunan ya zauna daram.

Manufofin bitar watan gobe guda uku na rubuta: mahalarta su fahimci muhimmancin sanyi ga rigakafi, su san illar sakaci, su ƙara ƙwazo. Ta zagaye su duka da ja, ta rubuta a gefe: "Anti, ranar da aka gama, me za su iya yi da hannunsu wanda za ki tsaya ki gani?" Har da Anti. Ladabin ne ma ya fi ƙona min rai.

Laraba, 5 ga Maris

Na mayar da "su fahimci" ya koma "su fahimta sosai". Ta sake dawowa da ita. Wai in ba a amince da manufofin ba kafin Juma'ar mako mai zuwa, wani za a ɗauko daga waje ya yi bitar. Bitata, da na kafa tun ba mu da majigi.

Baban yara ya ce, "To ki rubuta mata abin da take so mana." Shayinsa dai yau ba sukari ya sha.

Alhamis, 6 ga Maris

Mutum ya fahimta ko bai fahimta ba, ai a fuska ake gani.

Asabar, 8 ga Maris

Babbar 'yata ta zo da jaririyarta. Talata za a yi mata allura ta biyu a asibitin unguwarsu, wanda ni na ce su riƙa zuwa saboda ɗalibata ce ke riƙe da firjin wurin. Ta-Gaba nake ce mata, don kullum a layin gaba take zama, ba tambayar da ba ta ɗaga hannu. Na yanke shawara: can zan kai Jan Biro ta ga fahimta da idonta, ta ƙyale ni in sha iska.

Talata, 11 ga Maris



Mun je da safe. Ɗakin tsaf, takardar shaidar bita a jikin bango cikin gilashi, da sa hannuna ɓaro-ɓaro. A ƙofar firji ga takardar da ake rubuta awon sanyi: digiri biyar da safe, digiri biyar da yamma, wata huɗu cur ba fashi. Na dubi Jan Biro, na gyara tsayuwa.

Sai ta ce wa Ta-Gaba, "Yaya, don Allah nuna mana yadda kike dubawa."

Ta-Gaba ta buɗe firjin, ta ciro ma'aunin, ta juya shi nan, ta juya shi can. Can ta ce, "Ai Sista ta ce tsakanin biyu da takwas ake so, a allo ma biyar ta rubuta mana. Shi ne nake sawa."

Na fizge ma'aunin. Ƙasa da sifili. Na tura hannu can ciki, kwalaben sun manne da ƙanƙara, kuma irin waɗanda in sun daskare sun tashi aiki ne. A benci a waje 'yata ce ta uku a layi, da jikata a cinya. Allurarta ta farko daga wannan firjin ta fito.

Na yi faɗa, ban ma san me na faɗa ba. Ta-Gaba tana hawaye ta ce, "Sista, ba ki taɓa ba mu mun riƙe ba. A hoto muka gani."

Jan Biro ko kallona ba ta yi ba. Ta zauna tana fitar da sunayen yaran da za a sake kira, arba'in da bakwai. Da ta ce min "ai na faɗa miki", da na samu wanda zan yi wa masifa.

Laraba, 12 ga Maris

Mutum sittin a zaure ɗaya, kwana biyu, hoto ɗaya a majigi. Laifin wa? Manyan ofis ne suka hana ni firjin koyarwa tun shekarun baya. To, ni ma ban nace ba. Amma ita ma Ta-Gaba ba ta da baki ne, ta tambaya?

Ta tambaya a kan me? Na ce kun fahimta, suka ce mun fahimta, na sa hannu.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kulle ofis na rubuta. A ƙarshen bita kowane mahalarci zai buɗe firji a gabana ya karanta ma'auni daidai sau uku. Zai girgiza kwalba ya ware wadda ta taɓa daskarewa. Zai faɗi wanda zai kira da abin da zai fara yi idan awo ya fita daga biyu zuwa takwas. Na ƙara da cewa mutum ashirin nake so, ba sittin ba, kuma a kawo min firji na gaske.

Rubutun ba daɗin karantawa, kamar jerin cefane.

Juma'a, 14 ga Maris

Jan Biro ta sa hannu, da baƙin biro. Ta ce, "Na gode, Anti." Na ce ba don ita na yi ba. Har yanzu ina ganin yarinyar nan ta cika iyayi.

Sunan Ta-Gaba na sa a farkon jerin mahalarta. Takardar shaida kuwa, sai na gani da idona.

Da rana na raka 'yata wani asibitin aka sake wa jikata allurar. Ta tsala ihu har ta shiɗe, ni na riƙe ƙafar. Kafin a zuƙo maganin 'yata ta ce, "Umma, wannan mai kyau ce ko?" Ma'aikaciyar ma ɗalibata ce, tana ta gaishe ni har ƙasa, ga takardata a bangonta.

Na ce mata ta dakata, ta buɗe min firjin tukuna.