Kowa da sosonsa

Anka, Laraba da dare

Alhamdu lillahi, yau tuwo ya shiga. Wata biyu ina kallon ƙananan ƙurajen nan shafaffu a goshin jikata Hafsatu, ina tuna ranar da na bari aka daka dutsen zinari a turmina. Na ɗauka ni na cuce ta da dalmar da ke cikin dutsen.

Malamar asibiti ta duba jininta, ta yi murmushi. "Inna, ba gubar dalma ba ce. Ƙwayar cutar fata ce, susa ke yaɗa ta. Kar a kankare da reza. A shafa wanga magani, sukan ma ɓace da kansu. Kuma a daina haɗa soso."

Muna dawowa na raba sosona biyu. Hafsatu ta ƙwace babban, wai ai ita ce maras lafiya. Na bar mata.