Ɗana Ya Kai Kukana Makaranta

Gwaggo Dorcas, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ƙulle. Ni ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce take rubutawa ina faɗa, in kin ga magana ta hau kan magana ki yi haƙuri, haka take fitowa.

Ɗana ne, Barnaby, shi ne na fari, shekararsa sha biyu. Yana makarantar gari, ta saman zauren dattawa, inda ba abin da ake ɗura musu sai yaren Latin. Tun da duhu-duhu yake fita da burodinsa da guntun kyandir a aljihu, sai rana ta faɗi ya dawo. Babansa kyandir yake yi yana sayarwa, kuma da ma can bai so karatun nan ba. Kullum sai ya ce min, ke, yaren matattu ne zai ci da mu? Ni ce na nace. An sha zane min yaro da tsumagiya har ya kasa zama, in shafa masa kitse in yi gum, don kada baban ya samu abin faɗa.

To Gwaggo, da kakar nan muka rasa autarmu, Lettice. Zazzaɓi. Ko shekara uku ba ta cika ba. Ni na yi mata wankan ƙarshe da hannuna, ina yi ina surutai a kanta, ni kaɗai a ɗaki. Haka na zata.

Ranar Lahadi bayan coci na hau bene in ɗauko albasa, sai na ji kukan mace. Na leƙa, sai ga Barnaby a durƙushe, ya yafa tsohon mayafina, yana dukan ƙirji, hawaye shaɓe-shaɓe, yana ta zuba wannan yare nasu. Na ce shi ke nan, an yi wa ɗana asiri. Yana ganina sai ya goge ido ya washe baki, wai Mama, ya yi kyau? Wai aikin makaranta ne. Malam Fenton yakan ba kowane yaro wani mutumin da na cikin littafi, ya ce ya zama shi, ya tsara abin da zai faɗa. Shi an ba shi wata sarauniya da aka kashe wa 'ya'ya. Na ce to faɗa min da yarenmu in ji. Da ma ban tambaya ba.

Cewa ya yi, tashi mana uwata, yau ba za ki yi min ihu ba ne, ruwan ai ya yi sanyi, tashi ki jiƙa min riga, ba zan yi faɗa ba. Gwaggo, maganata ce. Tawa ce, har inda numfashina yake sarƙewa a tsakiya. Ashe yana bakin ƙofa ranar. Yaron da ko a wajen binnewa bai zubar da hawaye ba, ashe haddacewa yake yi.

Kuma wai Malam ya yaba, ya ce Barnaby ne zai tsaya gaban magajin gari da dattawa ya faɗi wannan kukan kafin hutun Kirsimeti. Yara sun riga sun kai labari gidajensu. Jiya matar mahauci tana miƙo min nama tana cewa, sannu uwar sarauniya, mu ma a ajiye mana kujera.

Babansa ya ji, ya tsare shi, shi ma ya sa ya faɗa masa. Bai doke shi ba, da ma dukan ya yi. Shago ya shige ya rufe ƙofa. Da ya fito ya ce ran Litinin zai kai shi majemar baffan yaron ya koyi jima, can babu mai koya masa satar hawayen uwarsa. Kin san in aka ɗaura yaro a hannun mai sana'a, shekara bakwai ce, babu komowa.

Ni yanzu ɗan da na haifa nake tsoro. Ina kwaɓa fulawa in ga yana kallona, sai in ce me kuma yake ɗauka? Amma in na tuna za a cire shi daga makaranta sai in ga duk bulalar nan da ya sha ta tashi a banza. Yaron nan yana da zuciya kuwa? In bari a kai shi ne, ko in durƙusa wa babansa?

Uwar da ta rasa inda za ta sa kanta

'Yata, Allah Ya ba ku haƙurin rashin Lettice. Ki kwantar da hankalinki, babu asiri a jikin ɗanki. Haka ake koyar da iya magana a irin waɗannan makarantu. Yawancin yara daga littafi suke kwaso kukan, naki a gida ya samu.

Maigidanki yana da gaskiyarsa. Abin da uwa ta faɗa wa gawar 'yarta ba na zauren dattawa ba ne, kuma Barnaby ya ɗauka bai tambaya ba. Ki gaya masa haka kai tsaye, ya san ya yi laifi. Amma hukuncin ya fi laifin, kuma mutumin da ya rufe kansa a shago ciwo ne yake cinsa, ba fushi kaɗai ba. Kada ki ja da shi a kan amfanin Latin, ba za ki ci ba. Jinkiri kawai za ki roƙa, zuwa bayan sanyi. Majema ba ta gudu, kujerar makaranta ce in ta tafi ba ta dawowa.

Kafin Litinin ku je wurin Malam Fenton, ke da maigidanki. Ina kyautata zaton bai san daga inda maganar ta fito ba. Ku ce a cire ta, ko a ba yaron wani abin ya faɗa. Ki bar maigidan ya yi bayanin da bakinsa, zai fi saukowa in ya ga an ji tasa. Matar mahauci kuwa, ki karɓi namanki ki wuce.

Sai tambayarki ta ƙarshe. Mutane sun zo sun yi miki gaisuwa, sun yi wa babansa. Shi wa ya yi masa? Yaro ne da ya rasa ƙanwarsa, ya ga manya sun cika gidan da nasu baƙin cikin, bai samu inda zai ajiye nasa ba sai da aka ba shi mayafi da yaren da ba ku ji. A bene kika same shi, babu malami, babu mai kallo, kuma hawayen na gaske ne. Ki zaunar da shi, ku biyu kawai, ki tambaye shi me shi yake so ya faɗa wa Lettice. In ya kasa magana kada ki matsa, ki dai riƙe shi.

Allah Ya sanyaya zukatanku ku ukun, Ya raya miki Barnaby.

Gwaggo Dorcas