Labarin ƙwallo a bayan rumbu

Daren Laraba, 14 ga Safar

Yau kwana goma sha tara ban ji muryar yaron nan ba, tun da aikin soja ya kai shi Borno. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in tambayi lafiyarsa a gaban mutane.

Da la'asar na laɓe bayan rumbu, inda sabis yake kamawa, da tsohuwar wayar da ya bar mini. Na buɗe manhajar da ke tattaro labarai, ina neman sunan garin da yake. Babu. Sai labarin ƙwallo ke ta zubowa, don shi ya zaɓa tun yana gida. Ni ce fa mai yi masa faɗa kullum, cewa ɗan kirki ba ya barin noman gyaɗa ya zauna latsa waya. Har gobe gaskiyata ce.

Malam, maigidana, ya riske ni a can, ya yi dariya. "Hajiya, yaushe kika zama 'yar ƙwallo? Kawo in goge miki shirmen nan."

Na ce ya bar shi.

Na karance labarin ƙwallon tas. Allah ya tsare yaron nan. In ya kira ba zan ce na yi kewarsa ba. Zan dai gaya masa ƙungiyarsa ta ci biyu.