In Na Tsame Hannu a Kwano, Inna Ma Sai Ta Tsame

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni malamar makaranta ce a Yelwa, kuma ni ce autar Inna. Tun ina yarinya nake da ƙiba, da na girma abin ya wuce misali, ga ciwon suga ga hawan jini, sallah ma sai a kan kujera. 'Yan kabu-kabu in sun hango ni sai su kau da kai. Shekarun baya aka yi min aikin rage tumbi a wani asibiti, alhamdu lillahi na sauka, suga ya lafa, ina sujada da goshina. Amma har yau loma kaɗan ke cika ni, fura mai sukari jiri take sa ni da zufa, gashina ya zube, maganin ƙarin jini kuma an ce har ƙarshen rayuwa.

Matsalar ita ce Inna. Tana amarya aka yi dam ɗin Kainji, ruwa ya ci garinsu a ƙasar Ngaski aka tashe su, gonar da aka ba su ba ta yi ba, a wannan shekarar ɗanta na fari ya rame a hannunta har ya rasu. Tun daga nan in ta ga ɗanta ya rame hankalinta tashi yake. Mu duka da ɗura ta raine mu.

Bana ciwon ƙafa ya hana ta zama ita kaɗai, na ɗauko ta daga garin Wara inda take zaune. Kwano ɗaya muke ci, kuma a gidanmu uwa ce ke fara tsame hannu ta bar wa 'yarta sauran. To ni nake riga ta. Ina tsamewa ita ma sai ta wanke hannu ta ce ta ƙoshi. Na yi mata bayani har na gaji, ta ce ai wurin yankan ya daɗe da warkewa. Rannan tana kuka ta ce, "Ɗiyata, mi niy yi miki kike ƙin abinci gabana?" Na raba mana kwano, ta ƙi taɓa nata. Wallahi ta rame, zani ba ya zama a ƙugunta.

Makon jiya na daure na cinye tuwon shinkafa da miyar kifi tare da ita, ta ci sosai har tana sa min albarka, ni kuma na zagaya bayan ɗaki na amayar da shi duka. Haka nake yi kullum yanzu, ƙirjina kamar wuta. Likita ya ce in ban daina ba, zan ɓata aikin, ciwon ya dawo. Ita kuwa fuskarta ta fara cikowa.

Ina cikin baƙin ciki, 'yan uwa. In ci gaba da ci don ta ci, ko in bi maganar likita ina zaune ina kallon uwata tana ƙarewa?