Muryar Hajiya Fatu a Tsohuwar Kwamfuta

Sa'alaba, Jidda

Zuwa ga ƙanwata Sajida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya ciwon ƙafar?

Albishirinki! Matar ɗana Muath ta sauka lafiya, an sami mace, za ta ci sunan marigayiya matata, Hajiya Fatu. Tun jiya bakina ya ƙi rufuwa.

Abu ɗaya ke damuna. Kin tuna kwamfutar da na saya lokacin ina makarantar yamma? A cikinta na ɗauki muryar Hajiya tana waƙar reno, kuma babu ita a ko'ina sai nan. Ina so jaririyar ta ji ta ranar suna, amma da na taɓa waƙar sai kwamfutar ta yi ta gurnani, ta sandare. Muath ya ce halas, wato shi ke nan, a goge komai a sake zubi. Na ce kada ya kuskura.

Ki taya ni addu'a.

Yayanki,
Badaru

Zuwa ga Sajida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida? An yi suna lafiya.

Babbar jikata Luba, amaryar tawa mai tsiwa, ita ta duba kwamfutar. Ta ce ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, kamar teburin ɗinkina na unguwar Balad: in ya cika, sai in ajiye yadi a benci. Bencin kwamfutar wani fayil ne, wai shi suwaf, yana kan na farko cikin faifan ajiyarta biyu, wanda na cika maƙil da hotunan alhazanmu. Ba wurin ajiya, shi ya sa take sandarewa. Luba ta so a rage hotunan, na ƙi, don rabin mutanen ciki sun rasu. Ta ce angon nan nata ya cika rigima, sannan ta mayar da suwaf ɗin kan faifai na biyu, wanda babu komai a kansa.

Muka kashe, muka kunna. Sai ga muryar Hajiya, har da tarin nan nata! Jaririyar dai barcinta take yi, ko a jikinta.

Amma ji wannan. Luba, wadda in na yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci, ita ce ta kama waƙar tana bi har ƙarshe, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Ashe tun tana goye ta haddace. Ni kuwa na cire tabarau na yi ta gogewa.

A gaida kowa da kowa.

Yayanki mai farin ciki,
Badaru