Na Sa Hannu a Kan Tsuntsun da Ban Gani Ba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni kafin Asabar ta zo, domin in ranar ta wuce ban san ko shawarar za ta yi amfani ba. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, na rasa wanda zan amayar wa abin da ke cikina.

Mahaifina tsohon malamin kimiyya ne, shekarunsa saba'in da huɗu. Tun ina yarinya ba shi da abin sha'awa sai kallon tsuntsaye. Iyayen wasu ƙwallo suke kallo, namu kuwa shi ne zai tsaya a bakin titi da madubin hangen nesa ya ƙura wa turken lantarki ido, har mutane su taru suna tambaya ko wuta ce ta kama. Yana da littafi mai baƙin bango da yake rubuta duk tsuntsun da ya gani, da ranar da wurin. Abin da yake shakka da fensir yake rubuta shi, abin da ya tabbatar da biro. Da yanar ido ta fara rufe masa gani sai ya ƙara wa kansa doka: ba ya sa biro sai mai lafiyayyen ido ya duba, ya sa hannu a gefe a matsayin shaida.

Tsuntsu ɗaya ne ya gagare shi shekara talatin, tuje, wani ƙaton tsuntsu mai dogon wuya da ya fi son tafiya a ƙasa, ga gudun mutane, ga shi ya yi ƙaranci. Amininsa da muke kira Baba Dogo, wanda suke ƙungiyar masu kallon tsuntsaye tare, ya taɓa ganinsa sau ɗaya, kuma tun daga ranar ya hana Baba sakat. Ko a waya suka gaisa, kafin ya tambayi iyali sai ya tambaye shi ya labarin tujensa.

Watan jiya na ɗauki hutun kwana shida daga ɗakin magani na asibitin da nake aiki, na ari motar yayana mai shiga yashi, muka loda jarkokin ruwa da na mai, na tuƙa Baba zuwa hamada, mu biyu. Ni na kawo shawarar, ba wanda ya sa ni. Kwana ukun farko ba zan manta da su ba. Mun ga tuddan yashi da suka fi benen asibitinmu tsayi, mun ga duwatsun da mutanen can dauri suka zana shanu da raƙuman dawa a jikinsu, mun zauna kusa da wata tsohuwar rijiya inda tsuntsaye ke sauka shan ruwa da hantsi. Baba ne ya koya mini rage iskar taya kafin shiga yashi. Ya ba ni labaran ƙuruciyarsa da ban taɓa ji ba. Na sa masa hannu sau tara, duka da gaskiya.

Rana ta huɗu ce ta lalace. Sau biyu mota tana kafewa, ni kaɗai nake tono da shebur saboda ciwon bayansa. Taya ta fashe muka sa ta ajiya, ba mu da wata. Na'urar sanyaya mota ta mutu. Leɓena ya tsage, hannuna ya yi kanta, kuma duk inda waya ta kama sai in tarar da saƙon shugabata tana tuna mini ranar dawowa. Washegari ce ranar juyowa gida, sai Baba ya wayi gari yana cewa mu ƙara kwana ɗaya, jikinsa yana ba shi cewa tsuntsun yana kusa. Ni kuwa ina da saurin hawa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne a gidanmu. Na dai ja mota ina cika ina batsewa.

Wajen ƙarfe goma ya damƙe mini hannu ya ce in tsaya. Can nesa a wani kwari, tsakanin ƙananan itatuwa, akwai wani abu mai dogon wuya yana motsi. Ya miƙo mini madubin. Na duba. Anti, yagaggen buhun siminti ne ya maƙale a busasshen kututture, iska tana ɗaga shi.

Na ce masa shi ne. Ya tambaye ni launin wuyansa, na karanto masa abin da nake ji a bakinsa tun ina firamare. Ya ce mu sauka mu matsa kusa, na ce ai ya ruga ya shige bayan tudu. Sai ya zaro biro daga aljihu ya rubuta, ya miƙo mini na sa hannu.

Na yi ta gaya wa kaina cewa tausayi ne ya sa ni. Akwai tausayin, ban musa ba. Amma tunda ke ba ki san fuskata ba bari in faɗa miki: rabin abin so nake in koma gida in yi wanka in kwanta a gadona.

Muna isa inda waya ke kamawa ya kira Baba Dogo, yana dariya kamar yaron da aka saya wa keke. Na ɗauka a nan abin zai tsaya. Tun da muka dawo ya goge madubinsa ya mayar cikin akwati ya ɗora saman durowa, wai ya gama, ba abin da ya rage masa. Da kullum da safe sai ya taka zuwa tafkin bayan unguwarmu, yanzu yana falo shi da rediyo. Aikin idon da muka daɗe muna lallashinsa ya yarda, ya ce gaggawar me ake yi kuma. Ga shi sakataren ƙungiyarsu ya ce ya zo ranar Asabar ya yi bayani a gaban taro, tare da shaidarsa, don a shigar cikin kundinsu. Har mutum biyu sun kai motarsu gareji, za su je wurin su gani da idonsu.

Yayana kaɗai na gaya wa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ja bakina in yi shiru, tsoho yana cikin farin ciki, me zan samu in na ɓata masa. Ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da Baba. Yanzu "shaidata" yake kirana, kuma duk lokacin da ya faɗa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In faɗa masa in karya masa zuciya, ko in tashi a gaban abokansa in maimaita ƙaryar?

Daga Mai Shaidar Zur

Ƙanwata,

Da farko ki ɗan sassauta wa kanki. Ba kowace ɗiya ce za ta ƙarar da hutunta tana tono mota a yashi don mahaifinta ya kalli tsuntsu ba. Kuma Baba ma yana da nasa: neman ƙarin kwana a hamada ba tayar ajiya ganganci ne, kina da ikon ki ce masa a'a. Laifinki shi ne kin ji nauyin faɗin a'a, sai kika ga ƙarya ta fi sauƙi.

Yayanki ba wawa ba ne. Farin cikin tsoho abu ne mai tsada, kuma da a ce abin ya tsaya tsakaninku da littafin, da ni ma na yi jinkiri kafin in ce ki tayar da maganar. Amma bai tsaya ba. Mutum biyu za su ɗauki hanya mai haɗari saboda buhun siminti. In suka dawo ba su ga komai ba, ko wani ya yi miki tambayar da kika kasa amsawa a gaban taro, ba ke za a zarga ba, za a ce tsoho ya fara gane-gane. Shekara talatin yana tsare sunansa, shi ya sa ma ya nemi shaida.

Saboda haka ki faɗa masa, gobe da safe in da hali, ku biyu, ba a waya ba. Ki faɗi dalilan biyu duka, har da na wanka da gado. In kika ce tausayi ne kawai, zai ji kin mayar da shi abin tausayi, wannan kuwa ya fi ƙaryar ciwo ga mutum irinsa. Kada ki taɓa littafin, kada ki kira sakataren a bayan idonsa. Ki bar shi ya gyara da hannunsa, ya faɗa wa abokansa yadda ya ga dama. In ya so ki raka shi, ki je ki ce ke kika yi kuskuren.

Zai ji zafi, wataƙila ya yi kwanaki bai sake miki fuska ba. Baba Dogo kuma zai samu abin tsiya na shekara guda. Ki daure. Kada ki haɗa maganar aikin ido da ranar neman gafara, zai ga kamar ciniki kike yi. In ya huce, ki ce masa kina son ku koma bayan an yi aikin, da yayanki a kan sitiyari, da tayoyin ajiya biyu, da ranar dawowa da ba ta canzawa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba taron Asabar ba ne, madubin da ke saman durowa ne. Mutumin da ke fita kowace safiya ya zauna, saboda kin ce masa ya gama, alhali bai gama ba. Gara mini ya yi fushi da ke yana neman tsuntsunsa da ya riƙa sa miki albarka daga kan kujerar falo.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya buɗe wa Baba idonsa, Ya sa ya ga tujensa da kansa.

Anti