Katin Isah a Hannun Kallamu

Zuwa ga ƙanwata Zinariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taki, ya sa a kwashe amfanin gona lafiya. Mu nan unguwar Fegge a Anacha sai godiya. Maƙwabcina Nicodemus ne ke rubutawa ina faɗa, kin san ni da biro ba mu taɓa gaisawa ba. Ban kira ki a waya ba, don maganar ta fi ƙarfin waya. Amma ki fara kwantar da hankalinki: ɗanki Kallamu yana raye, jiya ma ya ci tuwo.

Kin tuna shekarar babbar ambaliya, da kogin Kwara ya shigo Anacha har muka ɗora tabarmi a kan tebura? A shekarar ne mutanenmu da yawa suka koma gida suka bar mini ajiya, ciki har da katunan asibiti. Na zuba su a gwangwanin alewa. Tun daga nan, idan baƙo ya kwanta ciwo, maimakon ya kashe yini a layin yankar kati ana yi masa turancin da ba ya ji, sai in zaro masa na wani sa'ansa, in ce idan an kira sunan ya amsa, ban da yawan magana. Taimako na ɗauki abin, kuma har gobe ba zan ce da mugunta na yi ba.

Ran Litinin ƙusa ta soki Kallamu wajen lodi a tashar motar Upper Iweka, kafin Alhamis ƙafa ta kumbura ta yi ruwa. Na ba shi katin wani Isah da ya daɗe da komawa gida, muka hau okada zuwa asibiti. Likita ya buɗe fayil, ya ga an taɓa yi wa Isah wata allura sau biyu lafiya lau, sai ya rubuta ta. Malamar asibitin, Theresa, 'yar Zonkwa ce, Hausa a bakinta kamar ni da ke. Ta tambaye shi ko allura ta taɓa ba shi matsala. Ya dube ni, ya girgiza kai. Sai ta yi masa allurar.

Zinariya, ban gama ɗaura igiyar takalminsa ba na ga leɓɓansa sun kumbura, idanu sun rufe, numfashi na fita da ƙyar kamar an shaƙe rago. Theresa na jijjiga shi tana kiran Isah, Isah, shi kuwa ko motsi. Ban san lokacin da na ƙwala masa kira da sunansa na gaskiya ba. Ta ɗago ta yi mini kallo ɗaya, ta soka masa wata allurar a cinya, aka sa masa robar iska a hanci. Allah ya yi da sauran kwana.

Ni ne fa na goya shi a keke yana ɗan shekara huɗu, ranar da allura ta kumbura shi a garinku. Ni da nake riƙe da shekarar haihuwar kowa a unguwar nan, wannan ɗin ta kuɓuce mini. Da ya farfaɗo na tambaye shi ko ba ki taɓa gaya masa ba. Ya ce: “Inna ta gaya mini, Kawu. Kai ka ce in yi shiru.” Har yanzu maganar na zaune a ƙirjina.

Daga baya Theresa ta zaunar da ni ta buɗe fayil ɗin. Isah guda, amma yau yana da ciwon suga, gobe gyambon ciki, jibi hawan jini. Na ƙirga a raina, mutum bakwai na tura da katin nan. Ta ce likita da takarda yake aiki, in takarda ta yi ƙarya magani ma ƙarya zai yi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na yi gardama, kin san halina. Na ce shekara goma sha uku ba wanda ya mutu. Ta tambaye ni ko na tabbata. A nan na tuna Falalu mai tura baro. Da katin wani na tura shi, ya dawo da ƙwayoyi, bayan kwana uku muka yi masa sutura, muka ce kwana ne ya ƙare. Ban sani ba, Zinariya. Wallahi ban sani ba.

Abin da nake roƙo, ki bincika ƙasan akwatinki ko katin Kallamu na yarinta na nan. In yana nan, ki ba direban da ya kawo miki takardar nan, a rubuta sunan allurar a sabon katin da aka yankar masa da sunansa. Kuma ki yafe mini.

Ki gaida matar Kallamu, Halimatu Sadiya, ki gaya mata a hankali. Ki gaida Manu da iyalinsa, da duk mai tambayata. Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan ɗauki gwangwanin nan in kai wa Theresa. Kati talatin da ɗaya ne. Zan zauna in faɗa mata wanda ya je da kowanne da watan da ya je, tunda ba inda abin yake sai a kaina. Da Falalu zan fara.

Wassalam. Ni ne yayanki,
Isma'ila